Ƙarfen Ado da Wuyan Zalika

Ado Maƙeri ne mutum na farko da ya liƙa ƙarfen layin dogo a bayan motar haya a Dogon Dutsi. Ya yi haka ne a shekarar alif ɗari tara da tamanin da huɗu, da guntun ƙarfen da wani direba ya kawo masa daga Ƙaurar Namoda. Wata uku bayan nan babbar mota ta daki wannan motar ta baya a hanyar Dosso, babbar motar ta fasa fitilunta, ita kuwa ƙaramar ko lotsawa ba ta yi ba. Tun daga ranar ba a ɗaukar motar haya a matsayin wadda ta cika mota a tashar Dogon Dutsi sai ta sha ƙarfen Ado.

Shi ne kuma ya kafa al'ada ta biyu. Wani dattijo na Matankari ya zauna a kujerar gaba da malfa a kansa, gefen malfar yana ta karo da ɗan matashin nan mai ƙafafun ƙarfe biyu da ke bisa kujera. Ado ya miƙa hannu ya zare matashin, dattijon ya ji daɗi ya sa masa albarka. Abin ya zama girmamawa: duk wanda aka ba gaban mota, mai rawani ne ko mai babban ɗaurin kallabi, sai a zare masa matashin. Da yawa ba a mayar da su ba. Suka taru a rumfar mai shayi ta tasha, 'yan dara suna zama a kansu.

Da Ado ya rasu, ɗansa Sallau ya gaji wurin waldar, ya gaji al'adun biyu, ya riƙe su kamar yadda ake riƙe gonar gado. Mutum guda ne ya taɓa ƙin ƙarfen, wani saurayi ɗan kasuwa mai suna Mubarak, wanda ya ce shi yadda aka ƙera motarsa haka zai bar ta. Da aka daki motar tasa ta baya, bayanta ya naɗe kamar gwangwanin da jaki ya taka. Sallau ya tafi har inda aka ajiye ta, ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Ga abin da ƙin jin maganar manya ke haihwa." Mutum biyar ne ke cikin motar Mubarak a ranar, dukansu sun fito da ƙafafunsu, amma babu wanda ya tsaya a kan wannan, Sallau ma bai tsaya ba.

A daminar bara, ranar kasuwar Kore Mairuwa, Sallau da matarsa Zalika suka shirya tafiya Tibiri sunan jikansu na fari. Motar Abdussalamu suka shiga, direban da Sallau ya liƙa wa ƙarfe da hannunsa shekara biyu da suka wuce. Bisa ga tsari, gaban mota na Sallau ne. Amma gwiwar Zalika ta hagu ba ta son lanƙwasa, kuma ta yi ɗaurin kallabi mai tsayi wanda ta ɓata rabin safiya tana gyara shi.

"Ta Matankari, shiga gaba," in ji Sallau. Haka yake kiranta shekara talatin da ɗaya, bai taɓa ambaton sunanta gaban mutane ba.

"Yau kuma? Mi kake so wurina, maigida?"

"Kakar yaro ce ke. In kin iso da kallabi a murɗe, ni za a zaga."

Ya zagayo, ya danna ɗan maɓallin da ke gindin matashin, ya zare shi kamar yadda ya ga ubansa yana yi. Abdussalamu ya yi dariya ya ce, "Inna, yau ke ce mai gari." Sallau ya shiga baya, daidai bayan kujerarta, ya ɗora matashin a cinyarsa don babu wurin ajiye shi. Bayan kansa buhunan gero ne da aka cusa har rufin mota.

Sun iso Kore Mairuwa da hantsi. A tsakiyar garin akwai tudu da aka gitta a kan kwalta don motoci su rage gudu, ranar kuma wani amalanke ya tsaya daf da tudun, mai shi yana jan jakin da ya ƙi tafiya. Abdussalamu ya taka birki ya tsaya cik. Babbar motar albasa da ke biye da su tun daga Dogon Dutsi ta taka nata birkin, bai kama duka ba.

Ba da gudu mai yawa ta dake su ba. Duk da haka ƙarar ta kai har rumfunan mahauta. Motar ta yi tsalle gaba kamar an harbe ta. Kan Sallau ya nutse cikin buhun gero ya dawo. Amma ya ga abin da ya sami matarsa, domin idonsa yana kanta: jikinta ya tafi gaba tare da kujera, kanta ya tsaya a baya, ya faɗa ta saman kujerar inda babu komai, har ya ga goshinta daga inda yake zaune. Sa'an nan kan ya koma gaba. Kallabin ya faɗo a kan matashin da ke cinyarsa.

Mutanen kasuwa suka kewaye motar. Waɗanda suka fara zuwa bayan motar suka nufa, Sallau yana jin muryoyinsu ta taga.

"Ku duba, ko ƙwarzane babu."

"Ƙarhen Ado ne. Babbar ce ta ji jiki, ga ruwanta yana zuba."

"Wanga aiki sai gidan Ado. Allah Shi ji ƙan tsoho."

Zalika ba ta juyo ba. Mace ce mai juyowa ga kowace magana, mai amsa ga kowane zance, amma tana zaune tana kallon gilashin gaba kamar wadda aka ce ta tsaya a ɗauke ta hoto.

"Maigida," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Hannuwana suna ina?"

"Ga su bisa cinyarki."

"Ban jin su."

Ta yi ƙoƙarin sunkuyawa ta duba, sai ta ja numfashi ta haƙora. Ta ce wuta ta bi ta daga ƙeya har yatsu. Sallau bai yi karatun likita ba, amma shekara arba'in yana aikin ƙarfe, kuma ya san abu guda: ƙarfen da ake zaton ya tsage ba a lanƙwasa shi don a gwada, matse shi ake yi a inda yake. Ya saki matashin ya faɗi tsakanin ƙafafunsa, ya miƙa hannuwansa biyu ta gefen kujera, ya tallafi kanta, tafinsa a kan kunnuwanta, yatsunsa a ƙarƙashin haɓarta.

"Kada ki motsa. Ko an kira ki kada ki amsa da kai."

Abdussalamu ya buɗe ƙofarta, jini na zuba daga leɓensa. Hannaye huɗu ko biyar suka shigo tare da shi, kowa na neman inda zai kama.

"Ku hiddo ta ta sha iska."

"A kwantar da ita inuwa."

"Wanda duk ya taɓa ta," in ji Sallau, "ni da shi har gaban Allah. Abdussalamu, rufe ƙofar nan. Aika a kira majo."

Majo shi ne babban ma'aikacin jinya na gidan likitan garin. Wani mai babur ya tafi kiransa. Aka ce ya fita wani ƙauye allurar yara, sai an bi shi.

Rana ta hau. Motar ta yi zafi kamar tanderu, gumi yana bin hannun Sallau yana sa tafinsa santsi, shi kuwa yana tsoron gyara riƙon. Yana jin jijiyar wuyanta tana bugawa a ƙarƙashin ɗan yatsansa, yana ƙirga bugun ba tare da ya yi niyya ba. Ƙuda ya sauka a gefen idonta, ba ta iya kore shi ba, shi ma bai iya ba.

Can sai taron ya buɗe, aka shigo da wani tsoho mai jakar fata. Bilyaminu ne, maɗorin Sukukutane, wanda kasuwa ta kawo shi garin. Sallau ya san shi sarai. Shi ya ɗora masa hannun dama lokacin da wani inji ya faɗo masa, uban Bilyaminu kuma shi ya ɗora ƙafar Ado. Gida biyu ne da suka yi shekara hamsin suna amincewa da juna.

Maɗorin ya leƙo ta taga, ya gaishe su a natse, ya dubi wuyan. "Gocewa ce, Sallau. Na ga irinta wurin masu ɗaukar kaya da 'yan kokawa. A zaunar da ita ƙasa, mutum biyu su danne kafaɗu, in ja sau guda. Kahin la'asar tana cin tuwon suna."

Mutane suka yi na'am. Wani ya ce ai hannun Bilyaminu bai taɓa kuskure ba. Sallau ya dubi hannunsa na dama, wanda ke riƙe da kunnen matarsa, hannun da ba don wannan tsohon ba da yanzu a shanye yake. Duk rayuwarsa bai taɓa barin abin da ubansa ya yi ya bi wani abu dabam ba. Majo bai zo ba, babu wanda ya san ko zai zo. Idan ya ƙi, ta mutu a hannunsa cikin wannan zafin, shi ne ya hana a taimake ta. Idan ya yarda, aka ja, abin da ya tsage ya rabu, shi ne ya saki.

"Maigida," in ji Zalika, leɓunanta kawai ke motsi. "Kada ka sake ni."

"Baba Bilyaminu," in ji Sallau, "hannun nan naka ne, ban manta ba. Amma sadda ka ɗora shi, ina jin yatsuna. Ita ba ta jin nata. Ka taɓa jan wuyan wanda ba ya jin yatsunsa?"

"Sau guda," in ji tsohon. "Can da daɗewa."

"Ya tashi?"

Maɗorin ya rataya jakarsa, ya juya ga taron ya ce su ja da baya su bar mata iska, ya tsaya da kansa a bakin ƙofar da sandarsa don kada kowa ya buɗe.

An kusa azahar majo ya iso a bayan babur. Idris sunansa, Bafillace ne dogo, kuma tsakanin Fulani da Arawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Ya leƙa, ya ga yadda hannun Sallau yake, ya ga fuskarsa.

"Ashe Ba'are yana da hankali in ya ji tsoro," ya ce. "Wa ya koya maka wannan riƙon, bawana?"

"Yi aikinka, mai nono."

"Zan yi. Kai dai kada ka saki sai na ce." Ya tsuguna gefen Zalika. "Inna, ni ne ubangidan mijinki. Zan tsunkule ki, in kin ji ki zage ni."

Ya tsunkuli babban yatsan ƙafarta. "Na ji," ta ce. Ya tsunkuli ɗayar ƙafar, ta ji. Ya kama hannun dama, ta ce kamar ana taɓa ta ta cikin bargo. Ya kama na hagu, ya matsa da ƙarfi har farcensa ya yi shaida, ta tambaye shi ko ya fara. Wasan ya bar fuskar Idris. Ya ɗaura mata abin tallafar wuya mai tauri, ya sa aka kawo katako mai faɗi, mutum shida suka zaro ta a hankali kamar ana zare zare daga allura, Sallau yana biye da kanta, yana tafiya a gwiwa a kan kujera, bai saki ba. Da zai fito, ƙafarsa ta taka matashin. Idris ya dube shi, ya dubi ramuka biyu da ke saman kujerar.

Motar likita ta ɗauke su zuwa Dosso. Kowane rami na hanya Sallau ya ji shi a nasa wuyan. Sun wuce wani gari sai Zalika ta rufe ido, ta daina amsa wa Idris.

"Zalika," in ji Sallau. "Zalika."

Ta buɗe ido. "A gaban Bafillace kake kiran sunana?"

"Ki yi ta magana."

"An raɗa wa yaron suna ba mu nan. Ko wa zai ci naman kaka?"

A Dosso aka shiga da ita ɗaukar hoton ƙashi, aka bar shi a kan benci. Sai a lokacin ya ga hannuwansa sun ƙi miƙewa, sun tsaya a lanƙwashe kamar har yanzu akwai kai a tsakaninsu. Likitar da ta fito mace ce matsakaiciya, ta zauna kusa da shi ta nuna masa hoton a hasken taga. Ƙashi guda na wuya ya tsage, amma bai goce daga wurinsa ba. Ta ce da an ja shi, ko an ɗauke ta a kafaɗa, da ba ta ƙara tsayuwa ba, watakila ma numfashin da ya tsaya. Yanzu sai jira, wata uku cikin abin wuya, a ga abin da jijiyoyin za su dawo da shi.

"Motar ta lalace ƙwarai?" ta tambaye shi.

"Ko ƙwarzane," in ji Sallau. Shekara arba'in yana faɗin wannan kalma da alfahari, har ta fito kafin ya tsayar da ita.

"An ƙara mata ƙarfe a baya ke nan. Muna ganin irinsu daga wajenku." Ta ajiye hoton. "Baba, masu ƙera mota da gangan suke barin bayanta da laushi. Suna so ya naɗe, domin naɗewar ce ke shanye dukan kafin ya kai ga mutane. Kujerar ma an yi ta ta ɗan ba da baya ta rungumi jiki, matashin kuma ya tare kai, shi ya sa ake so ya kai tsayin tsakar ka, ya kuma matso daf da ƙeya. Akwai matashi a kujerarta?"

"Yana cinyata."

Likitar ta dube shi, ta ga ba sai ta ƙara ba, ta tashi.

Sallau ya daɗe a kan bencin. Ba sabon ilimi ta ba shi ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Tun yana yaro ya san cewa in an daki uwar maƙera da guduma, ita ba ta jin komai, hannun da ke riƙe da awartaki ne ke ɗaukar girgizar. Ya mayar da motocin garinsu uwar maƙera, ya zaunar da mutane a kai. Ya tuna motar Mubarak da ya zagaya sau biyu yana dariya. Ya tuna tsofaffin direbobin tasha da ba sa iya juya wuya sai sun juya da jiki duka, waɗanda kowa ke cewa tsufa ne. Ya fara lissafa motocin da ƙarfensa ke bayansu a wannan sa'ar, a hanyar Dosso da ta Konni da ta Matankari, kowace da wani mai girma a gaba, babu komai a bayan kansa.

Kwana tara suka yi a Dosso. A rana ta shida Zalika ta riƙe cokali da hannun dama. Ranar da suka dawo Dogon Dutsi, bayan ya ga an kwantar da ita, Sallau ya ɗauki buhu ya tafi rumfar mai shayi. 'Yan dara suna zaune.

"Ku tashi," ya ce.

"Baba Sallau, lahiya? Wasa ya yi zahi."

"Abin da kuke zaune bisa nake so."

Suka tashi, domin sun ji labari. Direbobin ne suka fi wuya. Wani ya ce in an yanke ƙarfen, dukan farko zai kashe masa mota. Wani ya ce tun zamanin Ado ake yin haka, wa ya isa ya canza. Sallau ya ce masa, "Ado ubana ne, ba naka ba. Shi ya fara, kuma bai fara don a karya wuyan kowa ba. Abin da gidanmu ya liƙa, gidanmu zai cire." Abdussalamu ne ya fara kawo tasa motar. Mubarak ya zo ya tsaya a bakin wurin waldar yana kallo, Sallau ya ajiye kayan aiki ya je ya gaishe shi da hannu biyu, abin da bai taɓa yi wa na ƙasa da shi ba.

Ga abin da aka samu zuwa girbin bana. Matashi goma sha bakwai aka karɓo daga rumfar mai shayi, goma sha ɗaya suka koma kujerunsu, shida tsatsa ta cinye ƙafafunsu. Cikin motoci ashirin da uku masu ƙarfe, an yanke na goma sha huɗu. Tara suna yawo da nasu har yau, kuma Sallau ya san lambar kowace, lamba yake fara tambaya duk lokacin da aka ce an yi karo a hanya. Masu malfa yanzu cire malfar suke yi su riƙe a cinya, wasunsu da gunaguni. Ƙarfen farko na Ado, wanda aka cire daga tsohuwar motar tun da daɗewa, yana nan jingine a bangon wurin waldar, Sallau bai yar da shi ba, kuma ba zai yar ba. Zalika ta tsira da ƙafafunta biyu, da hannun dama cikakke, da yatsu uku na hannun hagu. Biyun ba su dawo ba. Da ukun nan take tallafe kan jikanta in an miƙa mata shi.